Kayan aro ba ya rufe katara: gwamnati da batun manhaja mai ƴanci

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya daina gyara Windows 10 kyauta. Windows 11 da ya gaje shi kuwa ba ya hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa, ko da lafiyarsu ƙalau. Ma'aikacin da ke Tawa ko Damagaram bai san lokacin da aka yanke wannan shawara a Amurka ba, amma injin da ke kan teburinsa ya tsufa a rana guda, kuma baitulmalin Nijar ne zai biya kuɗin sabo.

Manhaja mai ƴanci, irin su Linux da LibreOffice, ita ce wadda kowa ke da izinin dubawa cikinta, ya gyara, ya raba, ba tare da biyan lasisi a kan kowane inji ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ke tattara alkaluman asibitoci da ita, irin wannan manhaja ce, kuma Jami'ar Oslo ke jagorantar aikinta. Abin da ya rage shi ne manufa rubutacciya da za ta haɗa dukkan ofisoshin hukuma.

Masu adawa sukan kawo misalin birnin Munich na Jamus, kuma suna da hujja. Birnin ya zaɓi Linux a 2003, ya sauya injuna kusan dubu 15 cikin shekara goma, sannan majalisarsa ta yanke komawa Windows a 2017. Sai dai jandarmomin Faransa sun bi wata hanya: sun fara da sauya manhajar rubutu a 2005, suka bar ma'aikata suka saba, sannan a 2008 suka ɗauki Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta yanke a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan dubu 30. Darasin shi ne a bi sannu, a horas da mutane, a kuma ɗaure shirin da doka don kada ya faɗi ranar da aka canza minista.

Kada kowa ya ruɗi talakawa da cewa abin kyauta ne. Horo kuɗi ne, gyara ma kuɗi ne. Bambancin yana ga inda kuɗin ke zuwa. Kuɗin lasisi ƙetare yake fita, ba ya dawowa. Kuɗin horo da gyara kuwa ana iya biyan su ga matasan da suka fito daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, su kuma su kashe su a kasuwar gida.

Abu uku ya kamata gwamnati ta yi. Na farko, duk takardar da hukuma ke bayarwa ko karɓa ta kasance cikin buɗaɗɗen tsari irin ODF, wanda aka amince da shi a matsayin ma'auni na duniya tun 2006, don kada a tilasta wa ɗan kasuwa sayen kayan wani kamfani kafin ya cika takardar neman kwangila. Na biyu, duk manhajar da aka rubuta da kuɗin jama'a, a miƙa wa gwamnati asalin rubutunta, don kada ɗan kwangila ya riƙe rajistar albashi ko ta haraji a matsayin jingina. Na uku, a fara gwaji a ma'aikata ɗaya, a buga abin da aka kashe da abin da aka samu, kowa ya gani.

Ana yawan zancen ƴancin kai a Yamai. To, ƙasar da ba ta iya buɗe takardunta sai da izinin wani kamfanin waje, da sauran aiki a gabanta.