Mallakar uraniyom ba ta cika sai an iya auna tururinsa

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin SOMAÏR na Arlit daga hannun Orano na Faransa, matasa da dama kuma suka yi murna. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: 'yan ƙasa nawa ne ke iya ƙera ko gyara na'urar da ke auna tururin nukiliyar da wannan ma'adini ke fitarwa?

Maganar ta shafi Damargu kai tsaye. Samarin Tenhya, Tanut da Belbeji sun daɗe suna bin hanyar Agadas zuwa Arlit neman kuɗi, suna shaƙar ƙurar garin. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta samu wurare a titunan Akokan inda tururin ya ninka na al'ada har sau 500, ta kuma ga tarkacen ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwa. Samfurin ƙasa da ruwan da aka ɗiba, sai da aka kai shi ɗakin binciken CRIIRAD a Faransa. Kamfanin COMINAK ya rufe a Maris 2021, ya bar dattin ma'adini kimanin tan miliyan 20.

Ilimin auna irin wannan tururi ya yi nisa a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva. A can, cikin rami mai zagayen kilomita 27, ana haɗa ƙwayoyin zarra karo sau miliyan 40 a daƙiƙa guda. Na'urorin da ke ɗaukar hoton karon suna aiki ne da ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake kira cip, kuma cip ɗin wayar hannu ba zai daɗe a wurin ba. Tururin yana lalata transisto a hankali, ko ƙwayar zarra guda ta juya 0 ya koma 1 a ma'ajiyar bayanai. Don haka injiniyoyi kan zana transisto a siffar zobe don hana yoyon wuta, su kuma sa da'ira uku su yi lissafi ɗaya, a ɗauki amsar da biyu suka yarda da ita. Haɗin gwiwar RD53, da aka kafa a 2013, ya zana cip da zai jure tururin da ya ninka wanda ke kashe mutum kusan sau miliyan ɗaya.

Amfanin wannan aiki ya wuce ramin. Cip ɗin Timepix na CERN yana auna tururin da 'yan sama jannati ke sha a tashar sararin samaniya tun 2012.

Wani zai ce Tenhya rijiya da makaranta take buƙata, ba cip ba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a gina masana'anta a Tanut. CERN ma zane kawai take yi, kamfanoni su buga mata. Zane kuwa kwamfuta da ƙwararren kai yake so. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da cibiyar binciken sinadaran nukiliya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, akwai kuma makarantar kimiyyar lissafin halitta ta Afirka da ke horar da ɗalibai tun 2010.

Abin da ya dace shi ne a ware wani kaso na kuɗin uraniyom don tallafin karatun lantarki da awon tururi, a kuma buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. 'Yan Nijar da ke aikin injiniya a ƙetare su taimaka da koyarwa da kayan aiki. Muddin baƙo ne zai riƙa faɗa wa mutanen Arlit ko ruwan da suke sha yana da lafiya, to karɓe kamfani rabin aikin ne kawai.