Kuɗin Kawo Kaya Ba Ya Buƙatar Lambar Katinka

Duk ma'aikacin da aka taɓa tura shi Maiduguri ya san yadda kaya ke isowa garin. A saya a Kano ko Abuja, a ba direba, bayan kwana ɗaya ko biyu baƙuwar lamba ta kira: saƙonka yana Tashar Kano, zo ka karɓa. Adireshi kuwa kwatance ne, bayan masallaci kaza, daura da gidan mai kaza. Don haka an saba amsa wa wanda ba a sani ba muddin ya ambaci kaya, kuma da wannan al'ada 'yan damfara suke fakewa.

Saƙon nasu kan zo ta tes ko WhatsApp da sunan NIPOST ko wani kamfanin aike: wai an kasa kawo kayanka domin adireshi bai cika ba, ka biya 'yan ɗaruruwan naira a sake turowa. Mai jiran saƙo daga Jumia ko Temu ba ya tsayawa dogon tunani. Yana latsawa sai ga shafi da tambarin kamfanin, ana neman lambar katinsa, ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na bayansa.

A nan ya kamata a tsaya. Ƙaramin kuɗin nan tsaba ce kawai aka watsa. Yayin da kake cike shafin, ɓarawon yana can yana sayayya da bayananka a wani wurin. Banki ya turo maka lambar OTP domin tabbatarwa, kai kuma ka miƙa masa, da zaton kuɗin aike kake biya, alhali sayayyarsa ka sa wa hannu. Haka aka yi wa mutanen Ingila a 2021 da sunan Royal Mail. Wasu ma daga baya aka kira su a matsayin banki, aka ce su kwashe kuɗinsu zuwa wani asusu wai don tsaro.

A ganina hadimai da sakatarori sun fi kowa shiga haɗari, domin sau da yawa katin maigida ne a hannunsu, kuma ba su san duk abin da shi ko iyalinsa suka yi oda ba. Tsoron kada a ce sun ɓatar da saƙon oga yakan sa su biya cikin hanzari. Tambaya ɗaya a waya ta isa. Direban gaskiya kuwa lambar asusunsa yake bayarwa, ko ya karɓi kuɗi hannu da hannu bayan ka ga kaya.

Wanda ya riga ya shigar da bayanai, ya fara toshe katin ta manhajar banki kafin ya ba kowa labari, sannan ya rubuta ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, sashen kare masu mu'amala na CBN yana karɓar ƙara, EFCC kuma tana da ofishin shiyya a Maiduguri. A ajiye saƙon da lambar da ta turo shi, kada a goge.