Ra'ayinmu: Alli da Safe, Kwamfuta da Yamma

Tun daga zangon karatun da ya gabata, da wuya a tashi daga taron reshe ba a tayar da zancen kwasa-kwasan koyon rubuta manhajar kwamfuta ba, waɗanda ake yi da yamma ko a ƙarshen mako. Tallarsu ta cika zaurukan WhatsApp na malamai. Ana cewa cikin wata uku ko shida mutum zai ƙware, ya soma aiki daga ɗakinsa, ana biyansa da dala. 'Yan'uwanmu da dama sun riga sun yi rajista, wasu kuma suna tambayar matsayin ƙungiya. Ga abin da muka hango.

Ba mu ga laifin malamin da ya nemi ƙarin sana'a ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai iso ga malaman firamare cikin sauƙi ba. Ko a Abuja sai da takwarorinmu suka rufe azuzuwa fiye da wata uku a 2025 a kan wannan batu. Magidancin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, in ya ji labarin wata ƙofa, dole ya leƙa. Ita kuma sana'ar ta gaskiya ce. Gwamnatin tarayya da kanta ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da niyyar horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani, ba tare da ɗalibi ya biya kuɗin horo ba.

Inda muke da ja shi ne alkawarin wata uku. Mu malamai mun fi kowa sanin yadda ilimi ke shiga kai. Yaron da ya haddace baƙaƙe da wasula bai iya rubuta insha'i ba tukuna. Haka wanda ya yi makonni goma sha biyu a kan HTML da CSS da ɗan abin da ya samu na JavaScript ko Python: ya san harufan sana'ar, saura hannu ya faɗa. Mu kanmu shekara uku muka yi a kwalejin ilimi, har da gwajin koyarwa, kafin a ba mu takardar NCE, amma sai da muka shekara a gaban allo muka san yadda ake riƙe aji. Mai ɗaukar ma'aikaci a wannan fanni ba ya tsayawa kan satifiket. Cewa zai yi a nuna masa manhajar da aka gina, sannan ya ba da matsala a warware a gabansa. Kafin a kai nan, ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka, da wutar lantarki, da data, da Turancin karanta bayanai, da sa'o'i a kowace rana na tsawon watanni masu yawa bayan an gama kwas.

Kasuwar ma ta sauya. Kamfanin Meta ya sallami ma'aikata dubu 11 a watan Nuwamban 2022, Google kuma ya sallami dubu 12 a watan Janairun 2023. A daidai wannan lokaci manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bayyana, suna rubuta ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga ya gwada hannunsa. Aiki bai ƙare ba, sai dai matakin farko ya ƙara tsawo, kuma masu talla ba sa faɗin haka.

Wata 'yar'uwarmu a wannan reshe ta kwashi adashinta na shekara guda ta biya wata cibiya. Bayan makonni biyar ta tarar da ƙofa a garƙame, lambar wayar kuma ba ta shiga. Har yau tana zubi. Saboda haka muke roƙon duk mai niyya ya gwada kansa kafin ya fitar da ko kwabo. Darussan freeCodeCamp kyauta ne a intanet, haka ma kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard. Wanda ya jure wata guda yana zama a kansu kowane dare, ya san ransa na son abin. In ya zo biyan kuɗi, ya tambayi su wane ne masu koyarwa da abin da suka taɓa ginawa, ya nemi ganawa da tsofaffin ɗalibai ido da ido, ya biya kashi-kashi, ya karɓi rasit. Cibiyar da ta yi rantsuwar sama wa kowa aiki, a guje ta.

Kada kuma a saki reshe a kama ganye. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a inda aka soma aiki da ita. Wanda ya kai shekara arba'in da 'yan kai, da iyali a wuyansa da fansho a gabansa, bai kamata ya rubuta takardar ajiye aiki don an yi masa alkawari a waya ba. A kuma tuna cewa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da harkar kasuwanci ta kansa, in ban da noma. Koyo ba laifi ba ne, amma kafin a soma karɓar kwangila, a zo ofishin reshe a nemi shawara.

Akwai kuma maganar amana, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi, lokacin na yara ne. Malamin da ya kwana a gaban kwamfuta ya zo yana gyangyaɗi, ko ya bar ɗalibai da kwafar rubutu shi yana aikin kwas a waya, ya ci haƙƙin 'ya'yan talakawan da ba su da wata makaranta sai tamu. Ƙungiya za ta tsaya wa kowane mamba a kan haƙƙinsa, amma ba za ta kare wannan ba.

Ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, muna cewa: a makarantunmu da yawa ana koyar da darasin kwamfuta ne da zane a kan allo, yaro ya gama aji shida bai taɓa taɓa madannai ba. Ga malamai sun koyo da kuɗin aljihunsu. A tantance su, a ba su wannan darasi, a sa horon cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, a samar da na'urori da wutar sola ko da a makaranta ɗaya ce a kowace gunduma. Manhajar Scratch, wadda aka tsara don yara, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. In an yi haka, abin da malami ya koyo da yamma zai dawo aji da safe. In ba a yi ba, masu hazaƙar cikinmu za su tafi ɗaya bayan ɗaya, a bar azuzuwan da tun yanzu sun fi ƙarfin malami guda.

A namu ɓangaren, reshe zai buɗe zaman koyon juna kowace Asabar da safe a sakatariya, inda waɗanda suka yi nisa za su kama hannun masu farawa. Mai sha'awa ya ba wakilin makarantarsa suna kafin taro na gaba. Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.