Waiwaye: Tambarin Wa Ke Kan Faifai?

Wa a cikinmu ya taɓa tambayar mai kaset sunan kamfani? A zangon Savelugu ko na Yendi, sai dai ka ce, "Malam, a ɗaura mini Shata." Ya juye maka, ya rubuta suna da biro, ka biya ka kama gabanka. Murya muke nema, kuma mun samu.

Amma fayafayan garmahon da iyayenmu fatake ke tahowa da su daga Kano, kowanne da tambarinsa: Decca, Philips, ko EMI wadda ta buga waƙoƙin Mamman Shata da dama. Bayan Najeriya ta kafa dokokin mayar da kamfanoni hannun ’yan ƙasa a 1972 da 1977, Turawa suka riƙa janye jiki sannu a hankali. Kayan Decca suka koma ƙarƙashin Afrodisia, EMI ta zama Ivory, Philips, wadda ta riga ta koma Polygram, ta zama Premier. Waƙa tana nan yadda take, riga kawai aka sauya mata, kuma wanda ke riƙe da uwar tef shi ke ɗinka rigar. Mawaƙi kuwa, sau da yawa an sallame shi tun ranar ɗauka.

Mun manta da Tabansi, ko ba haka ba? A Kano wannan ɗan kasuwa Inyamuri ya kafa kamfaninsa a shekarun 1950. A 2019 kamfanin BBE na Ingila ya sake buga kayansa, har da Palaver na Ebo Taylor, ɗan ƙasarmu Ghana, wanda aka ɗauka tun 1980 aka ajiye ba a fitar ba. Ba su goge tsohon sunan ba, sai ma suka ƙawata shi: Tabansi Gold. Sun san da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai na yaba musu.

Haka Mamman Sani, haifaffen Accra, mai kiɗan ogan a Yamai. Kaset ɗinsa na 1978 sai a 2013 duniya ta ji shi, da tambarin Sahel Sounds na Amurka. Aƙalla shi da ransa aka yi, da yardarsa.

Namu yaran fa? Ɗaya zai ɗora Shata a YouTube, ya manna hotonsa da lambar wayarsa a kai, iyalan Shata na Funtuwa ba su ma san an yi ba.