Inshorar lafiya: a tambayi mai iyali a Gidan Rumji

Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani a Nijar ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da kashi 50 cikin 100 a asibitocin gwamnati. Haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke jika 150 da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a fara wanke masa jini. Abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Gidan Rumji, ko aka tura shi Maraɗi, ya san ba tikitin shiga ke karya magidanci ba. Takardar magani ce, da kuɗin mota, da abincin masu jinya.

Wanda nake tausayi shi ne na tsakiya: tela, malamin kwantaragi, mai shago a Gazawa, manomin aya a Agye da rumbunsa ke kai shi baɗi. Ba matalauci ba ne da za a rubuta sunansa cikin masu neman agaji, ba kuma cikakken ma'aikaci ba ne da gwamnati ke ɗauke masa kaso mai tsoka na kuɗin asibiti. Tiyata ɗaya ta ishe shi sayar da bijimin noma, wani lokaci har ya jinginar da gona. Abin takaici, shi ne kuma dangi ke fara buga wa waya idan wani ya kwanta.

Yanzu ana ta maganar inshorar lafiya ga kowa. Ina goyon baya, amma da sharaɗi. Idan aka zauna a Yamai aka yanke kuɗi a kan kowane kai, a ce jika uku a shekara, mai mata biyu da 'ya'ya tara zai nemo jika 36. Zai rubuta kansa da ƙananan yara biyu, ya bar sauran ga Allah. Kamata ya yi a yi farashin gida, kuɗin kowane kai yana sauka yadda iyali ke ƙaruwa. A kuma karɓa da kaka, lokacin da wake da gyaɗa suka shiga kasuwa. Manomi ba ya da albashin ƙarshen wata, kuma watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara su ne watannin da rumbu ke wayam.

Sai amana. Tun 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadu, aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba shi. Gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanta, uwa ta koma da takarda a hannu tana neman kantin magani. Mutanenmu sun iya adashe, amma wanda ya zuba bai kwasa ba, ba ya sake zubi. Wasu kuma na tambayar ko inshora ta halatta. Wannan aikin malamai ne su yi bayanin taimakekeniya a masallaci, kafin masu karɓar kuɗi su iso.

A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Nijar kuwa tana nesa da hakan. Ba adalci ba ne a ɗora wa tela giɓin da baitulmali ya bari. Hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su fara biyan asibitoci bashinsu, su cika kanta da magani, sannan su zo mana da katin inshora.