Gudu ba safa: Abin da bidiyon TikTok ba ya faɗa wa matashin Gumel

Duk matashin da ya taɓa neman takalmin gudu a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya. Kafin kwana biyu wayarsa ta cika da bidiyon 'yan wasa suna fitowa daga ruwa a guje, su haye keke, su sauka su zura ƙafa cikin wani takalmi marar nauyi, babu safa, su cilla. Daga nan sai tallace-tallace su biyo, a Instagram da Facebook da status ɗin masu sayar da kaya a WhatsApp. A hankali sai mutum ya fara ganin cewa ƙwararre ba ya sa safa, kuma mafi sauƙin takalmi shi ne mafi kyau.

Ga matashin da ke fita gudun asuba a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, wannan tunani kuskure ne, kuma ƙafarsa da aljihunsa ne za su biya.

Wasan da ake nunawa a waɗannan bidiyoyi sunansa tirayatlon, gasa ce da ta haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, ba hutu. Ta shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000. A gajeren zangonta ana ninƙayar mita 750, tuƙin keke na kilomita 20, sannan gudun kilomita 5. Agogo ba ya tsayawa lokacin da ɗan wasa yake sauya kaya, don haka zaman sa safa a jiƙaƙƙiyar ƙafa na iya cinye masa daƙiƙun da za su raba shi da tawagar gaba. Dalilin barin safa ke nan. Shi ya sa kamfanoni ke yi musu takalmi na musamman: cikinsa sumul ba ɗinki mai kaifi, igiyarsa ta roba ce ba a ɗaurewa, akwai madauki a dunduniya na jan takalmin, wasu har da ƙananan ƙofofi na fitar ruwa. Su kansu 'yan wasan, idan aka zo doguwar gasar Ironman mai gudun kilomita 42, akasarinsu zama suke su sa safa, domin sun san abin da doguwar tafiya ke yi wa fata.

To matashin da ya tashi bayan sallar asuba ya kama hanyar Maigatari, daga wane ruwa ya fito? Wane agogo ne ke ƙirga masa lokacin sa safa? Hausawa sun ce inda wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Manhajar da ke zaɓo masa bidiyo ba ta san hanyar da yake bi ba. Abin da ta sani kawai shi ne ya daɗe yana kallon bidiyon farko.

Ƙasar masarautar Gumel rairayi ce. Ko a bakin kwalta mutum yake gudu, da zarar mota ta taho dole ya sauka gefe, yashi ya shiga. Takalman tsere kuwa saman su raga ce mai manyan idanu don iska ta ratsa, kuma ta nan ne yashi ke bi. Bororo yana fitowa ne idan gogayya da danshi da zafi suka haɗu a wuri ɗaya, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duka ukun suna nan tun da hantsi. Safa ita ce ke karɓar gogayyar a madadin fata, ta kuma janye gumi. Idan babu ita, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin babban yatsa ta isa ta ɓare fata kafin a gama kilomita biyar. Da hunturu kuma ga faso a dunduniya, wanda gogayya ke ƙara buɗewa.

Sai maganar ƙaya. Don a rage nauyi, ana barin ƙasan takalmin tsere da siririyar roba a wasu wurare kawai, sauran soso ne tsirara. A titin Landan ko Balin ba matsala. A hanyar gona da ke cike da tsaidau da ƙarangiya, ko a burji mai tsakuwa, irin wannan soso ba ya daɗewa.

Wani zai ce ai 'yan ƙasar nan sun saba, yara na buga ƙwallo ba takalmi, kuma Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 da ƙafa tsirara. Gaskiya ne. Amma gudu ba takalmi daban, gudu cikin takalmi ba safa daban. Ƙafar da ke fili tana shan iska ta bushe, wadda ke kulle cikin takalmi kuwa tana jiƙe tana gogar ɗinki a kowane taku. Kanta ma ba kariya ba ce, don bororo na iya tasowa a ƙarƙashinta, kuma shi ya fi wuyar warkewa. Bikila ɗin da kansa, da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, da takalmi ya yi.

Ba a musun cewa fasahar takalmin tsere ta ci gaba. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, mai soso na musamman da farantin kabon a ciki, a kan dala 250. Binciken da aka yi a Jami'ar Kolorado ta Amurka ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. A Oktoban 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana da wani samfurin irinsa, kuma a farkon 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak.

Amma a yi lissafi. An yi wancan gwaji ne da ƙwararrun masu gudu a kan na'ura mai santsi. Ko da a ce kashi 4 ɗin ya koma lokaci kai tsaye, wanda ba haka yake ba, mai yin kilomita 5 cikin minti 25 minti ɗaya kacal zai rage. Wata guda na atisaye ba fashi zai iya ba sabon mai gudu fiye da haka kyauta. Nauyin safa kuwa bai kai a yi maganarsa ba: masu bincike sun kiyasta cewa sai an ƙara giram 100 a kowane takalmi kafin ƙarfin da ake kashewa ya ƙaru da kusan kashi 1, kuma siririyar safa ba ta kai ko rabin haka ba.

Sannan akwai jabu. Idan takalmin da ya fito a kan dala 250 ya bayyana a status da farashin kambas na makaranta, ganin kitse ake wa rogo. Rubutun kabon a jiki ba shi ne faranti ba. Takalmi mai faranti na gaske ba ya lanƙwasuwa da hannu cikin sauƙi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga matasa da yawa a yankin, domin ba don nishaɗi kaɗai suke gudu ba. Wasu na shirin tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, wasu na neman gurbi a ƙungiyar ƙwallo. Wanda ƙafarsa ta ɓare saura mako guda, ya yi asarar abin da ya fi kuɗin takalmi.

Wayar da ta jawo ruɗanin ita ce kuma za ta iya taimakawa wajen zaɓe. Mai saye ta intanet ya taka farar takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya zana ta, ya auna da rula a santimita. Lambar 42 ko 43 tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma yawancin takalma na ɗauke da awon santimita a takardar da ke cikin harshensu. Ya nemi mai sayarwa ya turo hoton wannan takarda, da bidiyon ƙasan takalmin da cikinsa. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Wanda kuma zai iya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai idan ya shiga Kano, ya fi kowa sa'a, tunda zai gwada da ƙafarsa. Ya tafi da safar da zai riƙa gudu da ita. Ya zura hannu ciki ya laluba ɗinki, ya duba ko roba ta rufe ƙasan gaba ɗaya, ya matsa soson ya ga ko yana dawowa ko ya riga ya mutu. Raga mai ƙananan idanu ta fi hana yashi. Safa kuwa siririya ta nailan ko foliyesta ta fi ta auduga, wadda ke riƙe gumi.

Idan har mutum ya dage sai ya gwada gudu ba safa, ya fara da kilomita ɗaya ko biyu a kwalta, da ɗan hoda a cikin takalmin, ya cire ya duba inda fata ta yi ja. Ya kunna Strava ko wata manhajar auna gudu, ya bi hanya ɗaya sau biyu, ran nan da safa, ran nan babu, ya kwatanta lokacin da kuma halin da ƙafarsa ta kwana. Kada ya yi wannan gwaji ranar tantancewa ko ranar gasa.

Siyan na gari mayar da kuɗi gida. A wannan yanki, na gari shi ne takalmin da ya dace da ƙafa, ƙasansa ya jure ƙaya, a haɗa shi da safa biyu ko uku na canji.