Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ikilisiya na Riruwai da Kewaye



Maganata a kan matasan da ake turo muku koyon aiki ce, masu bishara da ɗaliban makarantar Baibul da ke zaune a ƙauyukan Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji. Wani sai ya shekara a hannun fasto bai taɓa hawa bagade ba. Aikinsa riƙe jaka, wanke babur, idan damina ta faɗi kuma a nufi gonar masarar maigida. Taya babba noma tarbiyya ce, ban musa ba, amma ba don haka ikilisiyarsu ta tara masa kuɗin makaranta ba.

Bulus bai ajiye Timoti a bakin ƙofa ba. Ya yi tafiya da shi, daga baya ya bar masa ikilisiyar Afisa yana da ƙuruciyarsa. Markus kuwa ya gudu a tsakiyar tafiya, Barnaba ya sake ɗaukarsa. A nan gida ma, da mishan ta SIM ba ta horar da 'yan ƙasa ba, wa zai riƙe ECWA da aka kafa a 1954? Ku ba yaro wa'azin safiyar Lahadi, ku zauna ku saurara. Idan ya kwafsa, gyaran a ɗaki ake yi, ba a gaban Zumuntar Mata ba.

Sai kuɗi, inda aka fi tuntuɓe. Ko gudummawar da aka tara wa Urushalima, Bulus bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, sai tare da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa. Baiko da zakka, dattawa biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta wa jama'a. Buhunan godiyar kaka ma haka. Yaron da ya ga maigida yana zura hannu a asusu ya gama karatunsa, ko da bai furta ba.

Riruwai gari ne da haƙar kuza ta tara ƙabilu, kuma yawancin maƙwabtanku Musulmi ne. Masihiyawa da yawa suna da kawu ko gwaggo a masallaci. Ku riƙa tafiya da yaran nan gaisuwar mutuwa da barkar suna, su ji yadda kuke gaishe da liman da mai unguwa, tun kafin takardar canjin wurin aiki ta iso ku.

Naku a cikin hidima.